Talge, Zuma da Duwatsun Mangu

Rigimar ta taso ne a kan kuɗin zuma. 'Yar yayata tana aji uku a fannin ilimin duwatsu da ma'adinai, ta fita IT, wato koyon aiki a aikace, na wata shida, kuma mako biyu da farawa ta dawo gida Unguwar Rogo tana neman kuɗin zuma lita biyu da faffaɗan gilashi. Babanta ya ce shi fa bai gane ba. 'Ya'yan mutane sun tafi Abuja, wasu hukumar binciken ma'adinai, wasu kamfanonin haƙar burtsatse, ita kuwa ta maƙale a wani ɗaki a nan Jos tana tsiyaya zuma tana kallo. Da ya ji wai duk wannan don a fahimci dutse mai aman wuta ne, sai ya juyo gare ni.

"Malam, kai ne ɗan boko. A ƙasar nan wa ya taɓa ganin dutse ya yi aman wuta?"

Ita kuma ta ce, "Kawu, don Allah kai ka yi masa bayani. Ni da na fara sai ya ce na cika Turanci."

Na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare, saboda haka na karɓi aikin. Abin da ke tafe shi ne bayanin da na yi a kan tabarma a daren, haɗe da abin da idona ya gani da na leƙa ɗakin gwajin nasu.

Abin da ɗalibai ke kira IT, sunansa a takarda SIWES. Hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, wadda hedikwatarta ke nan Jos a kan titin Miango, ita ta ƙirƙiro shi a 1973, don kada ɗalibi ya fito da digiri bai taɓa riƙe kayan aiki ba. Mafi yawa ma'aikata suke zuwa, su koyi aikin da aka riga aka san yadda ake yin sa. Kaɗan ne ke faɗawa hannun malami mai bincike, a ba su tambaya a ce su je su nemo amsa. Tambayar da aka ba yarinyar nan gajeriya ce: in narkakken dutse ya ɓullo ya malala, ina zai kai, kuma cikin wane lokaci?

Babanta yana da gaskiya a wuri ɗaya. Babu wani tarihi, rubutacce ko na baka, da ya tabbatar da cewa wani ya ga aman wuta a Filato. Amma duk wanda ya bi hanyar Mangu zuwa Panyam ya ga tsaunuka masu siffar tulin hatsi a jere, wasu da rami a ka kamar ƙoƙo. Bakunan wuta ne da suka mutu. Kerang, inda ake ɗibar ruwan Swan, a gindin irinsu yake. Tafkin Pidong da ke Ampang ta Yamma ruwa ne da ya taru a cikin bakin dutse. Baƙin dutsen da suka amayar, wanda masana ke kira basalt, an auna shekarun wasu daga cikinsa an samu tsakanin miliyan 1 zuwa 2, wato jiya-jiya a lissafin masu ilimin duwatsu. Ƙasar da ta ruɓe daga gare shi na daga cikin abin da ya sa noma ke albarka a wannan yanki. Ita kanta kuzar da ta tara kakanninmu a Jos daga Kano da Bauchi da Borno, a jikin duwatsun giranit take, waɗanda saiwoyin wasu tsofaffin duwatsun wuta ne da suka haura shekara miliyan 150. Samansu ya zaizaye, gindin ya rage. In ba don wuta ta taɓa tafasa a ƙarƙashin nan ba, da ba a haƙi kuza ba, da Jos ba ta zama gari ba.

To me ya kawo zuma?

Nan ne na roƙi arziki wurin yayata, na ce ta gaya mana abin da ya sa take ja da baya in talge ya fara tafasa, alhali ruwan zafi tsura ba ya ba ta tsoro. Ta ce ai ruwa in ya tafasa ɓul-ɓul kawai yake yi a cikin tukunya, talge kuwa tsartuwa yake, ya fallatso maka a hannu ya manne. Na ce to kin gama karatun wata shida. Tururi ɗaya ne a tukwanen biyu. A ruwa yana samun hanya ya fice salin alin. A talge kaurin ya riƙe shi, sai ya taru, ya kumbura, ya fashe da ƙarfi. Kusan duk bambancin da ke tsakanin dutsen da ke malalo da wuta a hankali da wanda ke tarwatsewa ya hallaka gari, a kan abu biyu nan yake: kaurin narkakken dutsen, da yawan iskar da ke cikinsa.

Shi narkakken dutse, wato magma, a can ƙasa yana ɗauke da ruwa da iskar kabon dayoksaid a narke a jikinsa, kamar yadda lemon kwalba ke riƙe da gas muddin ba a buɗe marfin ba. Nauyin duwatsun da ke samansa shi ne marfin. Yana hawowa matsin na raguwa, iskar na fita tana zama kumfa. Daga nan sai tsere: kumfar za ta iya ratsa magma ta fice, ko kuwa za ta maƙale ta yi ta kumbura? George Stokes, wani masanin lissafi a jami'ar Kambirij ta Ingila, ya fitar da ƙa'idar wannan tun 1851. Saurin tashin ƙwayar kumfa yana raguwa daidai gwargwadon ƙaruwar kauri, kuma in faɗin ƙwayar ya ninka biyu saurinta ninkawa huɗu yake. Sai a duba alƙaluman. Zuma ta fi ruwa kauri sau dubbai. Narkakken basalt, mai zafin digiri 1,100 zuwa 1,200, ya ɗara zuma da ninki goma zuwa ɗari ko fiye. Amma akwai wani nau'in, rayolait, mai sinadarin silika kusan kashi 70 cikin 100, wanda ya fi basalt kauri sau miliyan ko sama da haka. A cikin irin wannan, kumfa ba ta da inda za ta. Tana nan tana kumbura har ta cinye kusan kashi uku cikin huɗu na jikin magma, sai abin ya yayyage, ya tashi daga ruwa mai kumfa ya koma iska mai ɗauke da gutsattsarin dutse, ya fito da gudun da ya fi na jirgin sama. Dutsen nan marar nauyi mai huji-huji da ake goge kaushi da shi, wanda ke iya yawo a kan ruwa, kumfar ce ta daskare.

Misali biyu sun isa. Nyiragongo da ke gabashin Kwango narkakken dutsensa ba shi da silika sosai, tsararo ne, har a 1977 ya gangaro da gudun da ya kai na mota. A Janairun 2002 ya ratsa tsakiyar birnin Goma ya cinye wani sashe na filin jirgin sama, ɗaruruwan dubban mutane suka tsallaka Ruwanda. An yi asarar rayuka da dukiya, amma akasarin mutanen birnin sun tsira da ƙafafunsu. Dutsen Pele kuwa, a tsibirin Martinik, mai kauri ne. Ranar 8 ga Mayu 1902 ya sako gajimaren toka da iska mai ƙuna, ya bi gangare ya rufe garin Sam Piyer, mutum kusan 28,000 suka mutu cikin 'yan mintoci.

Nan babanta ya yi tambayar da ta fi duk wadda aka yi a daren. Ya ce to ya ji, amma zuma cokali goma a kan gilashi ta yaya za ta ba da labarin kogin wuta mai tsawon kilomita goma? Ai wasan yara ne.

Wannan tambaya ita ce ƙashin bayan ilimin kwarara gaba ɗaya, wato ilimin yadda ruwa da iska da duk wani abu mai gudana ke motsi. Amsarta ta fito daga Mancesta a 1883, inda Osborne Reynolds ya riƙa ɗiga launi a cikin ruwan da ke bin bututun gilashi. In ruwan na tafiya a hankali, launin ya miƙe kamar zare. In aka ƙara gudu, a wani mataki zaren ya birkice ya gauraye. Kowa ya ga irin haka a turaren tsinke: hayaƙin ya tashi sambal, can sama kuma ya hargitse. Abin da Reynolds ya gano shi ne, ba gudu kaɗai ke yanke hukunci ba, ba kuma faɗin bututu kaɗai ba. Lamba ɗaya ce, wadda ake samu in an ninka gudu da girma da nauyi aka raba da kauri. Abu biyu, komai bambancin girmansu, in lambar nan tasu ta zo ɗaya ko ta faɗa aji ɗaya, tafiyarsu iri ɗaya ce. Tela ma haka yake yi in ya yanka ƙaramar riga don gwada ɗinkin babba: ba yawan yadi yake kwaikwaya ba, daidaiton hannu da wuya da jiki yake kiyayewa. Kogin narkakken dutse ƙato ne, amma kaurinsa ya sa lambarsa ƙarama ce a mafi yawan lokuta. Zuma a kan gilashi ita ma lambarta ƙarama ce. A duka biyun ƙarfi biyu ne kaɗai ke kokawa, nauyi yana ja, kauri yana riƙewa. Da ta zuba ruwan famfo a maimakon zuma, da ta yi wasan yaran da babanta ke faɗi.

A 1982 Herbert Huppert, shi ma daga Kambirij, ya warware lissafin wannan kokawa. Sakamakon yana da ban mamaki, kuma shi aka sa yarinyar ta gwada. In ka zuba adadi ɗaya na abu mai kauri a shimfiɗaɗɗen wuri ka ƙyale shi, kafin faɗinsa ya ninka biyu sai lokaci ya ninka 256. Wato in ka auna shi a minti ɗaya, ba zai kai ninkin wannan faɗi ba sai bayan awa huɗu da 'yan kai. In kuwa ana ci gaba da tsiyayowa ba yankewa, ninki huɗu na lokaci ya isa. Tazarar da ke tsakanin 4 da 256 ita ce dalilin da ya sa masu sa ido a kan duwatsun wuta suka fi damuwa da sanin ko bakin dutsen na ci gaba da zubarwa, da kuma yawan abin da yake zubarwa a daƙiƙa. A shekarar dai Huppert da abokan aikinsa, ciki har da Steve Sparks, suka ɗora lissafin a kan tulin narkakken dutsen da ya taso a dutsen Sufriyer na tsibirin San Binsent a 1979, suka ƙiyasta kaurinsa daga yadda yake faɗaɗa, ba tare da kowa ya je ya taɓa shi ba.

Kayan aikinta ba su taka kara sun karya ba: gilashi, takardar giraf a ƙarƙashinsa, sirinji babba, ma'aunin zafi, da wayarta da ta ɗora a kan bulo biyu tana ɗaukar hoto. Sati uku na farko sakamakon ya ƙi haɗuwa. Gwajin safe daban, na azahar daban. Ta zargi lissafinta, ta zargi mai zumar cewa ya haɗa da sukari. Malamin da ke duba ta bai ce mata komai ba sai tambaya ɗaya: ƙarfe nawa kika yi wannan, ƙarfe nawa kika yi wancan? Disamba ce, kuma Jos ce, gari mai tsayin mita kusan 1,200 daga teku. Zumar da ta kwana cikin sanyin hunturu ba ita ce zumar rana tsaka ba, don bambancin digiri goma kan sauya kaurinta ninki uku ko huɗu. Daga ranar ta fara rubuta zafin ɗaki a gefen kowane awo. Akwai kuma daren da ta bar gwajin awa huɗun ya kwana, da safe ta tarar kiyashi sun yi masa zobe.

A ganina wannan sati ukun sun fi sauran watannin daraja, ko da yake a logbuk layi biyu kawai suka ci. Ɗalibanmu suna haddace ƙa'idoji da kyau, na shaida, ni nake gyara takardunsu. Abin da ba kasafai suke samu ba shi ne ranar da ƙa'ida da awo za su saɓa, a bar su su gano wanne ne ya yi ƙarya. Kuma kuskuren nata shi ne ainihin matsalar fannin. Narkakken dutse na gaske yana hucewa yana tafiya, kaurinsa na ƙaruwa, bayansa na yin ɓawo kamar tuwon da ya sha iska, cikinsa kuwa da sauran wuta. Wani lokaci ɓawon kan zama rufi, narkakken ya bi ta ƙarƙashi kamar a bututu, ya yi nisan da lissafin zuma bai hango ba. Shi ya sa wasu masu bincike a Ostareliya suka koma tsiyaya narkakken kaki a cikin ruwan sanyi don ya riƙa daskarewa yana tafiya. Zuma tana faɗin gaskiya, amma rabinta.

Ta yi wani ɗan gwaji na gefe da ya burge ni. Ta dama sitacin masara ta bar shi ya bushe a hankali a ƙarƙashin fitila, da ta kife kwanon sai ga shi ya tsattsage ya zama ginshiƙai ƙanana masu kusurwa biyar da shida. Wanda ya taɓa zuwa Kahwang a ƙaramar hukumar Riyom ya ga manyansu a baƙin dutse, a jere kamar an sassaƙa. Sitaci bushewa ke sa shi tsukewa, dutse kuma hucewa, tsagar dai iri ɗaya.

Ɓangaren hayaƙi da toka ba ta taɓa shi ba, sai a karatu. A taƙaice, turnuƙun da ke fitowa daga bakin dutse ya fi iska nauyi da farko. In ya samu ya haɗiyi iskar gefe da yawa ya dumama ta, sai ya yi sauƙi ya cilla sama, kamar na Pinatubo a Filifin a 1991, wanda ya kai tsayin sama da kilomita 30 har ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri na ɗan lokaci. In bai samu ba, sai ya rufto ya bi ƙasa, irin na Pele. Tokar da ta hau kuma ƙa'idar Stokes ce ke saukar da ita, manya kusa, ƙanana nesa. Ƙurar hunturu da ke taso mana daga kwarin Bodele a Chadi da wannan ƙa'ida take tafiya. A Afrilun 2010 tokar wani dutse a Aisland ta sa an soke tashin jirage kusan 100,000.

Inda na ga jikin babanta ya yi sanyi shi ne da na zo kan Nyos. Shi ya isa tunawa, yana saurayi lokacin, ya ji a rediyo. Daren 21 ga Agusta 1986, a arewa maso yammacin Kamaru, kusa da iyakarmu, tafkin Nyos ya saki iskar kabon dayoksaid. Mutum 1,746 suka mutu da dabbobi kusan 3,500, da yawansu shanun Fulani makiyaya. Ba wuta, ba toka, bukkoki na tsaye, mutane a kwance. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya yi irin haka ya kashe 37.

Duk abin da ya faru a daren, ilimin kwarara ne daga farko har ƙarshe. Nyos bakin tsohon dutsen wuta ne mai zurfin sama da mita 200. Iskar na tsattsafowa daga magma ta ƙarƙashi tana narkewa a ruwan ƙasan tafkin. Ruwan ƙasan ya fi na sama nauyi, saboda haka ba sa gauraya, kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin bokiti ruwa na bisa. Shekara da shekaru gas na taruwa, ruwan da ke bisa na danne shi. Ranar da wani abu ya ɗaga ruwan ƙasan ya hau kaɗan, matsi ya ragu, kumfa ta fito, kumfar ta sa ruwan ya ƙara sauƙi ya ƙara hawa, ya jawo na bayansa. An buɗe kwalba ke nan. Ita kuma iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi da kusan rabi, don haka ba ta tashi sama ba, kwari ta bi tana gangarawa kamar ambaliya, har tazarar kilomita 25 ta kashe mutane. Dangin malalar zuma ce, nauyi ke tura ta, sai dai ita ba kaurin da zai riƙe ta.

Maganin ma daga nan ya fito. A 2001 aka kafa bututu daga gindin tafkin zuwa sama. Da zarar an ja ruwan sau ɗaya, kumfar da ke fita a cikin bututun ita ke ci gaba da ɗaga shi, ba inji ba mai, gas ɗin na fita kaɗan-kaɗan. An ƙara biyu a 2011. Tafkuna uku kacal aka sani a duniya da wannan hali, Nyos da Monoun da Kibu da ke tsakanin Kwango da Ruwanda, don haka kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya je ya tsorata mutanen Ampang. Amma Nyos ta shafe mu ta wata hanya. Bangon da ke tare da ruwan tafkin na tarkacen aman wuta ne, an daɗe ana fargabar ƙwarinsa, kuma in ya ɓalle ruwan kogin Katsina-Ala zai biyo ya shigo Taraba da Binuwai. Babban dalilin gina madatsar Kashimbila a ƙaramar hukumar Takum ke nan, wadda yanzu har lantarki megawat 40 aka tsara ta bayar. Wani ne ya zauna ya lissafa yawan ruwan da zai taho, da saurinsa, da tsayin bangon da zai tare shi. Na ce wa babanta ina so a ce irin wannan lissafi, gobe in an sake buƙatarsa, akwai ɗan gida da zai iya.

Ban ce fannin zai ba ta aiki da ta gama ba, kuma ban yi masa wannan alkawari ba. Masu ɗaukar masanin dutsen wuta a Najeriya ba su da yawa. Sai dai lissafin da ke bin narkakken dutse shi ne ke bin ɗanyen mai a bututu, da ruwa a ƙarƙashin ƙasa inda ake haƙa burtsatse, da laka in bangon tsohon kududdufin kuza ya karye, da ambaliya irin wadda kogin Dilimi ya yi a Rikkos da Gangare a 2012. Wannan na ƙarshe ba sai na yi masa dogon bayani ba, ya taya kwashe kaya a lokacin.

Ya yi shiru, sannan ya tambaye ta ko lita biyun dole ne zuma ce tsantsa. Ta ce, "Baba, ko ruwan sukari mai kauri zai yi, in dai na auna kaurinsa da kaina." Ya ce a'a, a sayi zumar, amma in an gama a dawo masa da ragowar. Ta ce wadda kiyashi suka shiga fa? Ya ce a tace.